Igiya Mai Ƙugiya Biyu: Yadda Ake Aiki da Mahaɗin PEG a Haɗin Kilik

Duk wanda ya tashi tsakanin Zongo da Sainte-Rita a Kwatano ya san aikin dillali. Albasa ta sauko daga Galmi, ta ratso Gaya da Malanville, mai ita ba ya jin yaren Fon, mai saye kuma ba ya jin Hausa. Sai dillali ya tsaya a tsakiya, hannu ɗaya riƙe da wannan, ɗaya riƙe da wancan, har ciniki ya faɗa. Dillalin kirki ba ya taɓa kayan, ba ya canza su, haɗawa kawai yake yi.

A ɗakin gwaje-gwaje ma akwai irin wannan dillali. Idan mai bincike yana son ya ɗaura rini mai ƙyalli a jikin furotin, ko ya liƙa magani a jikin antibodi, ko ya saƙa wani abu mai laushi da ƙwayoyin halitta za su rayu a ciki, yana buƙatar abin da zai riƙe ɓangarorin biyu ba tare da ya ɓata ko ɗaya ba. Wanda aka fi kira wa wannan aiki shi ne mahaɗin PEG.

Na rubuta wannan jagora ne domin ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke hawa zemijan ko mota kowace safiya, su bi ta Godomey zuwa Jami'ar Abomey-Calavi, da masu karatun likitanci da haɗa magunguna a cikin gari. Abin da nake so su riƙe guda ne: a gari mai laima irin namu, nasarar wannan aiki tun kafin a buɗe kwalba ake samunta. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Mene ne PEG?

Cikakken sunansa poli'etilin gilaikol. Sarƙa ce da aka jera da gaɓoɓi iri ɗaya, kowace gaɓa tana ɗauke da kabon 2, haidirojin 4 da oksijin 1, nauyinta dalton 44. Tun 1859 masana biyu, Lourenço da Wurtz, suka ba da labarin haɗa shi. Gajeriyar sarƙa, kamar PEG 400, ruwa ne mai ɗan kauri. Doguwar sarƙa, kamar PEG 4000, fara ce mai kama da kakin zuma. Wanda ya taɓa sayen Forlax a farmasi domin bushewar ciki ya riga ya sha PEG 4000, sai dai a kwalin an rubuta makurogol.

Halayensa uku suka sa ake sonsa. Yana narkewa a ruwa sosai, domin kowace gaɓa tana jawo ruwa ta lulluɓe kanta. Yana lanƙwasuwa kamar igiyar guga. Sannan furotin da ƙwayoyin halitta ba sa manne masa. A 1977 Frank Davis da Abraham Abuchowski na Jami'ar Rutgers a Amurka suka nuna cewa furotin da aka yi wa rigar PEG yana daɗewa a cikin jini, garkuwar jiki kuma ba ta saurin far masa. Daga nan aka samu Adagen a 1990, Oncaspar a 1994, da Pegasys a 2002, wanda ake amfani da shi wajen ciwon hanta nau'in B da C. Alluran rigakafin korona na Pfizer da Moderna ma suna ɗauke da kitse mai wutsiyar PEG 2000.

Gargaɗi tun da wuri, musamman ga 'yan'uwanmu masu odar kaya: kada kamannin suna ya ruɗe ku. Etilin gilaikol da dayetilin gilaikol guba ne masu kashe ƙoda. Dayetilin gilaikol ne ya gurɓata maganin haƙorin jarirai da ya kashe yara 84 a Nijeriya tsakanin 2008 da 2009, kuma irin wannan gurɓata ta kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Sinadarin da ba shi da takardar tantancewa daga masana'antarsa kada ya shiga ɗakin bincike, balle jikin mutum.

Mene ne haɗin kilik?

Ka tuna ƙarar kwaɗo idan ka danna shi: ƙat, ya kulle. Wannan ƙara ce ta ba haɗin sunansa. A 2001 Barry Sharpless da abokan aikinsa Kolb da Finn suka kawo shawarar a riƙa gina sinadarai da haɗe-haɗe masu sauƙi, masu sauri, masu yiwuwa a cikin ruwa, waɗanda ba sa barin datti. A 2002 Morten Meldal a Danmak da Sharpless da Fokin a Amurka, kowa a gefensa, suka gano cewa jan ƙarfe yana hanzarta haɗuwar azid da alkayin, su kulle su zama zobe mai ƙarfi da ake kira tirayazol. Rolf Huisgen na Jamus ya yi nazarin wannan haɗi tun shekarun 1960, amma a lokacin sai da zafi da dogon jira.

Matsalar jan ƙarfe ita ce yana cutar da ƙwayoyin halitta masu rai. A 2004 Carolyn Bertozzi ta nuna mafita: idan aka tanƙwara alkayin cikin zobe mai kabon 8, matsin da yake ciki ya isa ya sa ya cafke azid da kansa. DBCO ɗan wannan gida ne. A 2008 Joseph Fox ya kawo haɗin tetarazin da TCO, wanda ya fi su duka sauri. A 2022 aka ba Bertozzi, Meldal da Sharpless kyautar Nobel kan wannan fanni.

Sirrin abin shi ne, azid da abokin haɗinsa baƙi ne a jikin halitta. Cikin dubban sinadaran da ke jini ko ƙwayar halitta, ba sa kula kowa sai juna.

Mataki na farko: karanta sunan da ke jikin kwalba

Sunan mahaɗi kashi uku ne: ƙugiyar hagu, tsawon igiya, ƙugiyar dama. Idan ka ga DBCO-PEG4-NHS, ma'anarsa DBCO a wannan baki, gaɓoɓin PEG guda 4 a tsakiya, NHS a ɗaya bakin. Ga abin da kowace ƙugiya take kamawa:

NHS tana kama amin, wato laisin da ke jikin kusan kowane furotin. Tana aiki a pH 7.2 zuwa 8.5.

Maleyimid tana kama tayol, wato sistin. Tana aiki a pH 6.5 zuwa 7.5. A pH 7 ta fi son tayol a kan amin kusan sau 1,000, amma idan pH ya haura sai ta fara kama amin ma.

Azid tana kama alkayin idan akwai jan ƙarfe, tana kama DBCO ko ɗan'uwansa BCN ba tare da shi ba.

Tetarazin tana kama TCO, ta saki iskar naitirojin.

Saboda haka kafin ka saya, ka rubuta amsar tambayoyi uku a littafinka. Me ke jikin abu na farko da zan kama? Me ke jikin na biyu? Akwai ƙwayar halitta mai rai a wurin? Idan akwai, ka bar jan ƙarfe, ka ɗauki DBCO ko tetarazin. Idan babu, hanyar jan ƙarfe ta fi arha nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu: zaɓi tsawon igiya

Kowace gaɓa tana da tsawon kusan nanomita 0.35. Ke nan PEG4 kusan nanomita 1.4 ne, PEG12 kuma ya ɗan haura nanomita 4. Ga ɗaura rini ko bayotin a jikin antibodi, PEG4 ya wadatar a mafi yawan lokuta. Idan manyan abubuwa biyu za ka haɗa, ko za ka kafa furotin a kan gilashi ko ƙwayar zinari, ka ɗauki PEG12 ko PEG24 domin kowa ya samu sararin motsi. DBCO da yawancin rinuka ba sa son ruwa, kuma idan babu PEG a tsakani sukan sa furotin ya dunƙule ya kwanta a gindin kwalba.

Ka bambance iri biyu. Wanda aka rubuta wa ƙaramar lamba, kamar PEG4 ko PEG12, kowace sarƙa tsawonta ɗaya ne daidai. Wanda aka rubuta wa nauyi, kamar PEG 5000, gauraye ne na dogo da gajere, lambar matsakaici ce kawai. Na farko ya dace da aikin da za a auna da na'urar awon nauyin sinadari. Na biyu ya dace da riga da saƙa. Kamfanoni kuma sukan saɓa wajen ƙirga gaɓoɓi, don haka ka duba nauyin sinadarin da lambarsa ta CAS, kada ka dogara da suna kaɗai.

Mataki na uku: oda da ajiya

A nan ne aikinmu ya bambanta da na wanda ke Paris ko Boston. Kwatano tana zaune tsakanin teku da tafkin Nokoué, laimar iskarmu sau da yawa tana haura kashi 80 cikin 100, ruwa kuma shi ne babban magabcin NHS. A cikin ruwa mai pH 7 kan ƙanƙara, rabin NHS yakan mutu cikin awa 4 zuwa 5. A pH 8.6, minti 10 ya isa. Garin sinadarin da ya sha laima a cikin kwalba haka yake mutuwa a hankali, ido kuma ba ya ganin bambanci.

Wani ƙanena ya taɓa kira na cikin damuwa. Ya ce, "Yaya, sau uku ina maimaitawa, babu abin da ya kama." Na ce, "Ƙanena, da ka ciro kwalbar daga firiza, minti nawa ka jira kafin ka buɗe?" Ya yi shiru, sannan ya ce bai jira ba. Kwalba mai sanyi idan ta haɗu da iskarmu, nan take raɓa take sauka a cikinta, kamar yadda gorar ruwan sanyi take gumi a hannu. Kuɗin wata guda da aikin sati uku suka tafi a buɗewa ɗaya. Don kada hakan ta same ka:

1. Ka sayi ƙananan kwalabe da yawa, kamar masu miligiram 1 ko 2, maimakon babba ɗaya da za ka riƙa buɗewa.
2. Ka shirya takardun duwan kafin kaya su sauka a filin jirgin Cadjèhoun. Ka gaya wa wanda zai fitar maka da su cewa kaya ne masu son sanyi, ba masu kwana a sito ba.
3. Ka ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili, cikin kwalba mai murfin roba da ka zuba wa silika mai shan laima. Ka nannaɗe da takardar alminiyom saboda haske.
4. Ka cika firiza da gorunan ruwa daskararru. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya yanke, su za su riƙe sanyi. Kada ka buɗe ƙofa sai wuta ta dawo.
5. Ka ciro kwalba, ka bar ta a rufe cikin silika minti 30 har ta daina sanyi, sannan ka buɗe.
6. DMSO, ruwan da za ka narkar da mahaɗin a ciki, ya zama busasshe, don shi ma mashayin laima ne. Ka sayi mai ƙaramin mazubi a rufe, ko ka zuba masa tsakuwar tace ruwa mai angistirom 3 ko 4.
7. NHS da ka narkar ka yi aiki da ita nan take, ragowar ka zubar a mazubin sharar sinadarai.

Mataki na huɗu: ɗaura DBCO a jikin antibodi

Mu ɗauki misali da lissafinsa. Kana da miligiram 1 na antibodi nau'in IgG a cikin mililita 1. Nauyin IgG kusan dalton 150,000 ne, ke nan kana da nanomol 6.7.

1. Sauya masa ruwa zuwa PBS mai pH 7.4. Antibodin kasuwa yakan zo da sodiyom azid don kada ya lalace, wani lokaci da Tris, gilaisin ko albumin. Tris, gilaisin da albumin za su cinye NHS, azid kuma zai cinye DBCO. Dole a fitar da su tukuna. Ƙananan gishirin suna fita da bututun tace gishiri, amma albumin babba ne, sai an tsarkake antibodin da furotin A ko G.
2. Nauyin DBCO-PEG4-NHS dalton 649.7 ne. Narkar da miligiram 1 a cikin mikirolita 154 na busasshen DMSO, ka samu milimola 10.
3. Kana son ninki 20 na yawan antibodin, wato nanomol 133. Zuba mikirolita 13, ka juya a hankali ba tare da kumfa ba. Kada DMSO ya wuce kashi 10 cikin 100 na ruwan gaba ɗaya.
4. Bar shi minti 30 zuwa 60. Ka sani, idan takardar Turawa ta ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 take nufi, ɗakinmu kuwa yakan kai 30. Idan babu na'urar sanyaya ɗaki, ka ɗora a kan ƙanƙara awa 2.
5. Tsayar da haɗin da Tris mai pH 8, ya zama milimola 50 a ciki, ka jira minti 15.
6. Tace da bututun tace gishiri mai iyakar dalton 7,000, ko ka yi dayalisis dare ɗaya a firji.
7. Auna hasken da yake sha a nanomita 280 da 309. DBCO yana sha a 309, lambar shansa kusan 12,000. Idan na'ura ta nuna 0.24 a kwalbar santimita 1, kana da mikiromola 20 na DBCO. Raba da mikiromola 6.7 na antibodi, ka samu kusan ƙugiya 3 a kan kowanne. DBCO yana ɗan sha a 280 ma, don haka ka yi amfani da lambar gyara da ke takardar kamfanin wajen lissafin furotin.
8. Yanzu sai kilik. Zuba abu na biyu mai ɗauke da azid, ninki 2 zuwa 4, ka bar su awa 4 a ɗaki mai sanyi ko dare ɗaya a digiri 4. Sake tacewa.

Kada ka matsa wa antibodi da ƙugiyoyi. Idan suka yi yawa sukan toshe bakin da yake kama abin farautarsa, ka tashi da antibodi mai ado marar aiki.

Mataki na biyar: idan hanyar jan ƙarfe ka zaɓa

A nan jerin zubawa shi ne komai. Fara gauraya salfet na jan ƙarfe da THPTA a wata kwalba daban, THPTA ya ninka jan ƙarfen sau 5. Shi ne ke riƙe jan ƙarfen, ya kuma kare furotin daga ƙonewa. A babbar kwalba ka zuba mai alkayin da mai azid cikin ruwan fosfet ko HEPES mai pH 7, ban da Tris. Sannan ka zuba gaurayen, jan ƙarfe ya zama mikiromola 50 zuwa 100. Ƙara aminoguwanidin milimola 5. Na ƙarshe shi ne sodiyom askobet, ɗan'uwan bitamin C, milimola 5. Shi ke mayar da jan ƙarfe zuwa siffar da take aiki. Ka narkar da shi a ranar, idan ya yi rawaya ka zubar. Rufe kwalbar don kada iska ta riƙa shiga, ka jira awa 1, sannan ka wanke jan ƙarfen da EDTA.

Ka kula da TCEP da DTT, waɗanda ake buɗe gadar sistin da su. Suna iya lalata azid, DTT kuma yana cinye maleyimid. A fitar da su kafin a ci gaba.

Mataki na shida: saƙa haidirojel

Haidirojel kamar kafa yake, wadda a nan ake kira akasa: yawancinsa ruwa ne, amma ya kama jikinsa ya tsaya. A cikinsa ake renon ƙwayoyin halitta, ake gwada abin rufe rauni, ake nazarin sakin magani a hankali. A 2009 ɗakin binciken Kristi Anseth a Jami'ar Colorado ya nuna ana iya saƙa shi da haɗin kilik marar jan ƙarfe alhali ƙwayoyin halitta suna ciki da ransu.

Ga yadda za ka gwada mikirolita 200. Narkar da miligiram 10 na PEG mai hannu 4, mai nauyin 10,000, mai DBCO a kowane hannu, cikin mikirolita 100 na PBS. Wannan mikiromol 1 ne na sarƙa, wato mikiromol 4 na ƙugiya. A wata kwalba narkar da miligiram 4 na miƙaƙƙen PEG 2000 mai azid a baki biyu, shi ma cikin mikirolita 100. Wannan mikiromol 2 ne na sarƙa, mikiromol 4 na ƙugiya. Ka ga ƙugiyoyi ake ƙirgawa, ba sarƙoƙi ba, kuma dole su zo ɗaya da ɗaya. Gauraya da sauri, ka zuba a mazubinsa, ka riƙa kifa kwalbar lokaci-lokaci. Sa'ad da ya daina gangarowa, ya kama. Rubuta mintin.

Tun da ƙwayoyin halitta ba sa manne wa PEG, sai ka ba su madafa. Ana amfani da ɗan guntun furotin mai suna RGD, wanda Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a 1984. Idan ka sa RGD mai azid milimola 1, ya cinye mikiromol 0.2 na DBCO, don haka ka rage miligiram 0.2 daga miƙaƙƙen PEG ɗin. Kana son jel mai tauri, ƙara yawan PEG ko gajarta sarƙa. Kana son mai laushi, yi akasin haka.

Tabbatarwa da kariya

Kowane gwaji ya tafi da ɗan rakiya, wato kwalbar da aka zuba wa komai ban da mahaɗin. Idan ita ma ta yi ƙyalli, mannewa ce kawai, ba kilik ba. A jel ɗin SDS, furotin mai PEG yakan tsaya sama da inda nauyinsa ya kamata ya kai shi, don haka kada hakan ya firgita ka. Rinin bariyom da aidin yana fito da PEG ɗin kansa. A na'urar infirared, azid yana da alama kusa da 2100, kuma ɓacewarta shaida ce cewa ya kulle. Shan DBCO a 309 ma yana raguwa yayin da haɗin ke tafiya.

Mahaɗan PEG masu azid da ake sayarwa ba su da hatsarin ƙananan azid, domin sarƙar ta yi musu nauyi. Sodiyom azid kuwa guba ne mai kisa. Kada ya haɗu da asid, kada a ɗebe shi da cokalin ƙarfe, kada a zuba shi a magudana, domin da jan ƙarfe ko darma na bututu yakan zama abu mai fashewa. DMSO yana ratsa fata, ya shigar da abin da ke cikinsa, saboda haka safar hannu da tabarau wajibi ne. Sannan duk abin da ka haɗa na bincike ne kawai. Wasu mutane suna da garkuwar da ke ƙin PEG, kuma babu abin da zai taɓa jikin mutum ko dabba sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

Iyayenmu na Zongo sun yi suna a wannan gari ne saboda amana: sun san kaya, sun san ajiya, sun san lissafi. Waɗannan ukun su ne dai wannan aiki yake nema. Ɗalibin da ya karanta sunan kwalba da kyau, ya kare ta daga laima, ya ƙirga ƙugiyoyinsa kafin ya zuba, zai samu a Abomey-Calavi sakamakon da ake samu a ko'ina. Ƙanen nan nawa ya sake yin oda, ya jira mintinsa 30, na'ura kuma ta nuna masa ƙugiya 3 a kan kowane antibodi. Allah Ya sa albarka a karatunku, Ya ba ku ilimi mai amfani.